Yaya yana tari, kwano ɗaya suke ci da Baba

Maman Ummi: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Baba shekararsa 71, ga suga ga hawan jini. Tun rasuwar Inna ni ke kula da abincinsa, kullum daga Kurna nake hawa adaidaita in kai masa tuwon alkama, don matar Yaya ba ta san komai ba sai shinkafa, in na yi magana a ce na raina ta. To Yaya ya dawo daga Abuja da tari, wai ko ƙamshin turare ba ya ji. Kwano ɗaya suke ci da Baba. Yau Baba bai fita asuba ba, abin da ban taɓa gani ba.

Ɗan Fagge: Hajiya hunturu ne, kowa tari yake. Ki dafa masa citta da lemun tsami, ki zuba zuma.

Anti Nas: Zuma ga mai suga? Ka ji tsoron Allah. Haka aka riƙa cewa a Afrilun 2020, lokacin korona, har masu haƙar kabari a maƙabartar Ɗandolo ta Kano suka gaji. Ministan lafiya na wancan lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 aka rasa a ƙananan hukumomi 8 na Kano, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona, galibinsu sun haura 65 kuma dama suna da wata larura. Garkuwar jikin tsoho ta yi rauni, korona kuma tana hauda suga. Yayanki zai iya warkewa a tsaye, Baba ne abin ji. A raba musu ɗaki da kwano yau, a kai Baba a gwada shi.

Maman 'Yan Biyu: Mu fa surukina ba korona ce ta kashe shi ba. Lokacin kulle asibitin kuɗi uku muka je, kowanne ya rufe ƙofa. Har yau ban yafe ba.

Maman Ummi: Abin da nake gudu ke nan. Su killace shi ya rasa mai miƙa masa buta? Kuma na taɓa goshinsa, ba zafi.

Anti Nas: Ƙanwata, tsoho ba lallai ya yi zazzaɓi ba. Kasala, yawan barci, rikicewar magana, su ne alamar. Ki samo na'urar da ake maƙalawa a yatsa, iskar jininsa in ta sauka ƙasa da 92 kar ki kwana da shi a gida. Kin auna sugansa? Yana shan maganinsa?

Ɗan Fagge: Ku ma'aikatan lafiya komai korona.

Maman Ummi: Anti, batirin abin awon ya mutu. Kuma ni mace ce, ta yaya zan ce wa Yaya kar ya ci abinci da mahaifinsa? Bari dai in ga yadda zai tashi gobe.

Anti Nas: Goben me?