Neman shawara kafin shiga jirgin roba a kogin Nilu a Jinja

Ɗalibi a Kampala:

Assalamu alaikum, jama'a. Ni ɗalibi ne a Yuganda, kuma abokan karatuna sun shirya zuwa Jinja bayan jarrabawa domin shiga jirgin roba da ake hura wa iska, wanda ake bi da shi ta wuraren da kogin Nilu ke gudu da ƙarfi a tsakanin duwatsu. Raina yana so ƙwarai, amma ban taɓa yi ba, kuma iyon da na iya bai wuce na rafin garinmu da damina ba. Kamfanin ya ce akwai tafiyar mataki na uku da ta mataki na biyar, abokaina kuwa duk sun zaɓi ta biyar. Ina roƙon wanda ya san harkar ya bayyana mini yadda take, da abin da ya kamata in yi idan jirgin ya kife.

Abu Hanifa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na shiga wannan ruwan lokacin da nake karatu a Mbale. Matakan da suka faɗa maka ma'auni ne da ake amfani da shi a duniya, daga 1 zuwa 6. Na ɗaya ruwa ne mai tafiya a hankali, na uku yana da igiyoyin ruwa masu tsayi waɗanda ke buƙatar a tuƙa da lura, na biyar shi ne mafi tsanani da ake ɗaukar baƙi a cikinsa, na shida kuwa ba a shigarsa da fasinja. Shi ya sa idan aka iso Itanda, wani wuri a kogin da ruwa ke gangarowa da tsananin ƙarfi, za ka ga an fito da kowa tudu, an ɗauki jirgin an kewaye ɓangaren da ya fi haɗari da ƙafa.

Abin da ya bambanta Nilu a Jinja da kogunan da ke gangarowa daga tsaunuka shi ne yawan ruwa da zurfi, domin nan ne kogin yake fitowa daga Tafkin Biktoriya, kuma ruwan ba shi da sanyi. Duwatsun da ke kusa da sama ba su da yawa, saboda haka ƙarfin ruwan ne abin tsoro, ba buguwa da dutse ba. Bayan kowane wuri mai tsanani akwai shimfiɗaɗɗen ruwa mai natsuwa, inda ake tsamo waɗanda suka faɗa, a kuma huta.

Kafin a tashi za a ba ka rigar kariya da hular kwano da filafili. Ka bari jagoran ya ɗaure maka rigar da kansa, ya kama kafaɗunta ya ja sama. Idan ta taso ta rufe maka kunnuwa, ba ta ɗauru ba, kuma da kafaɗun nan ne za a jawo ka cikin jirgi idan ka faɗa. Ƙarshen filafilin yana da mariƙi, kada ka sake shi daga tafin hannunka ko da wasa, domin shi ne yake fasa wa na kusa da kai baki idan igiya ta bugi jirgin. A ruwa mai natsuwa za a koya muku tuƙi gaba da baya, da yadda za ku durƙusa a tsakiyar jirgi ku riƙe igiyar gefe idan jagora ya ba da umarni, sannan a kife jirgin da gangan domin kowa ya ɗanɗana.

Idan ya kife da gaske, za ka ji ruwa ya danne ka, duhu da kumfa sun rufe ka, ba ka san sama ba balle ƙasa. Daƙiƙu kaɗan ne, ko da yake za ka ji kamar ba za su ƙare ba. Kada ka yi kokawa da ruwan. Ka dunƙule jikinka, rigar za ta taso da kai. Idan ka taso a ƙarƙashin jirgin, akwai iska a wurin, sai ka shaƙa, ka lallaba da hannu ka fita ta gefe. Da ka fito fili, ka kwanta rigingine, ƙafafunka na fuskantar inda ruwa ya nufa, ka riƙa jan numfashi a tsakanin igiya da igiya, ba lokacin da take dukan fuskarka ba. Akwai masu ƙananan kwale-kwale na mutum ɗaya da ke jira a ƙasa, aikinsu kenan su zo ka kama.

Ra'ayina shi ne ka fara da mataki na uku. Wanda bai saba da nutsewar kansa cikin ruwa ba, firgita ce take cutar da shi, kuma a mataki na biyar kifewa abu ne da ake sa ransa.

Dattijon Yawuri:

Ɗana, ni a bakin Neja aka haife ni, kuma ban ji daɗin tambayarka ba da farko, domin mu nan ruwa ya ci mana mutane da yawa. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayu na 2021 ba. Amma da na karanta bayanin Malam Abu Hanifa, na ga cewa abubuwan da suke kashe mutanenmu, wato lodin da ya wuce kima, da tsohon jirgin katako, da rashin rigar kariya, su ne aka kawar a wannan harkar. Saboda haka ba zan ce kada ka je ba.

Abu biyu zan ƙara. Idan ka faɗa a wurin da ruwa ke gudu, kada ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye ko da ka ji ƙafarka ta taɓa ƙasa, domin ƙafa tana maƙalewa a tsakanin duwatsu, ruwan ya turo ka ta baya ya kifa ka, kuma ƙarfin mutum ba ya ɗaga shi daga nan. Masuntanmu sun san wannan tun kaka da kakanni. A Busa, kudu da mu, irin wannan ruwan ne ya ci Bature Mungo Park a 1806, kafin madatsar Kainji ta shanye wurin a 1968.

Na biyu, ka sanar da mahaifanka kafin ka biya kuɗi, ka yi musu bayani dalla-dalla kamar yadda aka yi maka. Sun tura ka karatu ne, kuma suna da haƙƙin su sani. Idan mahaifiyarka ta ce hankalinta bai kwanta ba, ka haƙura.

Maman Ilham:

Ƙanena, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma zan taɓo abin da ba a cika faɗa wa baƙi ba, wato tsargiya. Tana nan a Tafkin Biktoriya da gaɓar Nilu, kuma ƙwayar cutar tana fitowa ne daga ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwa mai kwanciya kusa da ciyayi, ta shiga ta fata ba tare da mutum ya ji ba. Haɗarin ya fi yawa a bakin gaɓa inda ake shiga jirgi da fita, saboda haka kada ka daɗe kana tsaye a wurin. Irin da ta fi yawa a yankin tana kama hanji ne, ba lallai ka ga jini a fitsari kamar yadda muka saba gani a gida ba. Bayan kamar wata biyu ka je asibiti ka faɗa musu ka shiga kogi, su gwada ka. Maganinta praziquantel ne, kuma likita ne zai auna maka shi daidai da nauyinka.

Ka sa riga mai dogon hannu wadda ba ta riƙe ruwa, da wando mai kama jiki da ya rufe gwiwa, domin Jinja tana kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa kuma rana tana ƙona cinya ƙwarai a kan ruwa. Idan akwai mata a cikinku, su sa ɗankwali mai kama kai a ƙarƙashin hular, kada su shiga da dogon hijabi, saboda yana iya naɗe fuska ko ya maƙale.

Ɗalibi a Kampala:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na karɓi shawararka, zan kira gida da daren nan. Malam Abu Hanifa, idan na zaɓi mataki na uku, shin dole ne in rabu da abokaina? Kuma hotunan gangaren ruwan Bujagali da nake gani a intanet, nan ne za a kai mu?

Abu Hanifa:

Ba lallai ku rabu ba. Yawanci ana tafiya ne a ayari ɗaya, kuma akwai babban jirgin tsaro da ma'aikaci ke tuƙawa ta hanya mafi sauƙi, wanda za ka iya komawa cikinsa kafin wurin da ka ga ya fi ƙarfinka. Ka tambayi kamfanin ko suna da shi kafin ka biya, ka kuma faɗa wa jagoran gaskiyar iyonka tun a tudu. Tsofaffin hotunan Bujagali kuwa, wurin ya nutse tun da aka kammala madatsar Bujagali a 2012, sannan madatsar Isimba da aka buɗe a 2019 ta shanye wasu wuraren a ƙasa, shi ya sa yanzu ake farawa daga ƙasan madatsar Bujagali. Ka bar wayarka da busassun kaya a motar kamfanin, domin da su za ka yi salla idan kun fito.