Okid ɗin daji na ruɓewa a tukunya, ina neman shawara

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon furanni. A Jos nake. Na tono okid, wani nau'in furen daji, irin wanda ke tsirowa a cikin ƙasa mai suna Eulophia cristata, daga wani fili da za a yi gini. Yana fitar da fure mai ruwan hoda a ƙarshen rani tun kafin ganye ya fito. Na dasa shi a tukwanen ƙasa. Farkon damina ganye ya yi kyau, amma da ruwan Agusta ya kankama sai saiwar nan mai kama da dankali ta yi laushi, tana wari. Waɗanda suka tsira kuwa ganye kawai suke yi, babu fure ko ɗaya.

Na ƙara yashi da gawayi, na faɗaɗa hujin gindin tukunya, na daina sa taki. Ruɓewar ta ragu, ba ta tsaya ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai: okid na rayuwa ne tare da wani naman gwari, wato halitta dangin naman kaza, da ke cikin ƙasar da ya tsiro. Shin rashin ɗebo ƙasar wurin ne ya jawo? Kuma da rani, idan ganye ya bushe, in daina ba shi ruwa kwata-kwata ne? Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka mini, don Allah.