Akori-kurar marigayi Baba: za ta iya taka 200?

Ɗan Rikkos:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana akori-kura Peugeot 504, haɗin Kaduna, wadda ya yi shekaru yana dakon dankalin turawa da ita daga Bokkos zuwa Farin Gada. Ta daɗe a jibge a ƙofar gida, har kaji suka mayar da kujerar direba wurin saka ƙwai. Bara muka ja ta zuwa gareji, mu biyar: ni, ƙanena, abokinmu mai walda, rewaya, sai yaron shago da aikinsa wanke noti a fetur da sayo shayi. Duk Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa, kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa.

Bidiyon Bonneville ne ya zuga mu, filin gishirin nan na jihar Utah a Amurka da ake taruwa a watan Agusta tun 1949. Ba tseren wuce wani ake yi ba. Mota ɗaya ake saki ta miƙe, na'ura ta auna gudunta, kuma har ajin akori-kura gare su. Mu kilomita 200 a awa muka sa wa ranmu. Rigimar ita ce, ƙanena ya dage a sauke injin a ɗora na Beljiyam mai silinda shida, ni kuwa ina ganin in an cire injin Baba, motar wa muke gyarawa? Wanne ya fi?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Yaro, kun fara daga inda ake ƙarewa. Kafin maganar inji, ku ɗaga bodin ku bi shasin da guduma. Inda ya yi ƙara tangaran, lafiya. Inda ya yi luƙus, tsatsa ta cinye, musamman wajen maƙalin sifirin na baya, don motar da ta yi dakon kaya a daminar Filato ba ta rasa ciwo a nan. Sai birki: duk tiyo da roba a zubar a sa sabo, kada a ce ai da sauransu.

Taya kuma ku karanta jikinta. Harafin T iyakar gudunsa kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Lambobi huɗun da ke ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT mako ne da shekarar da aka yi ta. Na taɓa sayen taya mai kyan zane, ashe ta shekara goma, ta fashe mini ina gangara Hawan Kibo. Har yau in na bi wurin sai na riƙe sitiyari da hannu biyu.

Injiniyar Bukuru:
Baba Bakanike ya yi gaskiya, bari in ƙara da lissafi. Abokiyar gabarku iska ce. In ka ninka gudu, turjiyar iska ta ninku huɗu, ƙarfin da ake bukata kuma ya ninku takwas. Mu ce motarku tana kai 140 a yanzu. Zuwa 200 sai kun sami kusan ninki uku na ƙarfin injin. Sabon fistin da wankin kafireto ba za su ba ku wannan ba, ƙanenka ya fi ka gaskiya a nan. Ga giyar aksul ɗin baya, don jan kaya aka yi ta, injin zai ƙure kukansa tun maleji bai je ko'ina ba.

Wani abin da zai ba ka sha'awa: Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, Bonneville ma kusan haka. Iska ba ta da kauri a tudu, shi ya sa injin da ba shi da turbo ke asarar kamar kashi 3 cikin 100 a duk mita 300, wato wajen kashi 12 a nan. Amma turjiyar ma tana raguwa. Ku sauke motar ƙasa kaɗan, ku rufe bayan, ku cire madubin gefe.

In kuna son sakamakon da ba a musu, ku bi tsarin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya: zuwa da dawowa cikin awa ɗaya, a ɗauki matsakaici. Haka Andy Green, Baturen Ingila, ya yi kilomita 1,228 a awa a hamadar Black Rock ta Amurka a 1997.

Mai Lodin Farin Gada:
Ni tambayata ɗaya, a ina za ku taka ta? Kada ku ce titin Bauchi da asuba, ga shanu ga masu Keke Napep. Can filin gishirin kilomitoci ne ba ko akuya. Sai kun sami wuri a killace da izini a rubuce, da motar asibiti a gefe. Kuma wa zai tuƙa? In ƙanenka ne, a fara sanar da Hajiya.

Ɗan Rikkos:
Na gode ƙwarai. Baba Bakanike, jiya mun bi shasin da guduma kamar yadda ka ce, gefen hagu gudumar ta shige har ƙota. Mai walda ya ce aikin Lahadi uku ne, daga nan ya haɗa kejin ƙarfe na kare direba a gidan gaba. Kuɗin da muka tara don inji sun koma birki, taya da hular kwano. Na yarda a sauke injin Baba, amma ba za a sayar ba, zan wanke shi in ajiye a shago. Hajiya kuwa har yanzu ta ɗauka dankali za mu koma dako, an rasa mai ƙarfin halin gaya mata.