Daga Kano, Yamai ta fi Legas kusa ta sama?

Ɗan Kantin Kwari: Jama'a, jiya wani abokin cinikina Bazabarme ya ce min idan jirgi ya tashi daga filin Malam Aminu Kano, Yamai ta fi Legas kusa. Na ce masa ban yarda ba. Legas cikin gida ce, Yamai kuwa sai an tsallaka iyaka. Wa ya san gaskiyar maganar?

Hajiyar Fagge: Ni ma ban yarda ba, ɗana. Da idona na ga an rubuta Kano zuwa Legas 450, Kano zuwa Yamai kuma 700 da 'yan kai. To ina kusan yake?

Malamin Taswira: Allah ya ja kwana, Hajiya, ma'auni biyu ne suka haɗu miki. Wancan 450 ɗin mil ne irin na matuƙa jirgin sama da na ruwa, kuma kowane mil ɗaya kilomita 1.852 ne. In kin juya shi, daga Kano zuwa filin Murtala Muhammed na Legas wajen kilomita 830 ke nan. Daga Kano zuwa filin Diori Hamani na Yamai kuwa wajen kilomita 700 ne. Bazabarmen yana da gaskiya. Kai, har Ndjamena ta Chadi ma wajen 700 ɗin ce daga Kano.

Hajiyar Fagge: Ikon Allah! Ashe mil ne. Amma Malam, in kusa ce, me ya sa ba a jin sauƙinta?

Mai Fatauci: Hajiya ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Malam, lissafinka daidai ne a takarda, amma ni na yi tafiyar. Lokacin da na nemi jirgi kai tsaye ban samu ba, sai da na sauka Legas, na kwana, na bi ta Lome, sannan na shiga Yamai. Kwana biyu! Legas kuwa awa ɗaya da rabi ka sauka. Da na sani da mota na bi: Katsina, Jibiya, Maraɗi, Ƙonni, Dosso. Ni a wurina garin da ka fi saurin isa shi ne kusa.

Malamin Taswira: Alhaji, ba na musun wahalarka. Amma tambayar nisa aka yi, kai kuma kana maganar rashin jirgi. Rashin nan daga kamfanoni ne da gwamnatoci. Ka tuna bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ko taku ɗaya Yamai ba ta matsa ba.

Baƙon Damagaram: Ni abin da ke damuna ya wuce Yamai. Daga filinmu na Damagaram zuwa Kano wajen kilomita 200 ne kacal ta sama, alhali Kano zuwa Abuja ya haura 350. Kakanninmu da jakuna da raƙuma suke wannan hanya, ga dangi ta kowane ɓangare. Yau kuma ɗan Kano yana ganin Legas ce gida, mu ne ƙasar waje. Wallahi abin yana min ciwo.

Ɗan Kantin Kwari: Yi haƙuri Yaya, ban faɗa don raini ba. Na yarda da Malam a kan kilomita, gobe zan je rumfar abokina in gaya masa ya fi ni gaskiya.

Mai Fatauci: Ka je, amma ka tambaye shi ta wace hanya yake komawa gida.