Dan Allah laifi ne a tare ɗan siyasa a wajen ɗaurin aure?

Dan_Tudun_Jukun:
Salamu alaikum jama'a. Ina da tambaya kuma wallahi abin ya tsaya min a rai tun ranar Asabar. Mun je ɗaurin auren ɗan'uwanmu a cikin garin Zariya, can wajen Kwarbai, bayan an shafa fatiha ana gaisawa sai ga wani da muka zaɓa ya fito daga masallaci da jama'arsa. Mutumin nan lokacin kamfen a kan tabarmar ƙofar gidanmu ya zauna, ya sha ruwan randarmu, ya ce in Allah ya ba shi zai gyara mana kwalbatin da ke cinye layinmu duk damina. Sau huɗu muna zuwa ofishinsa da takarda, kullum yaron da ke bakin ƙofa sai ya ce oga ya yi tafiya. Damina biyu ke nan ruwa yana shiga ɗakin tsohuwata, bara sai da muka ɗora katifarta kan bulo muka kwana kwarfar ruwa da bokiti. Toh da na gan shi ban san lokacin da na isa gabansa ba, na ce ranka ya daɗe ina maganar kwalbatinmu, a gaban mutane, muryata kuma ta ɗan tashi, ba zan ɓoye ba. Ya ce in same shi a ofis, na ce ai ofis ɗin ne ba a samunka. Nan yaransa suka janye ni. Kawuna ya ce na kunyata dangi, wai wajen biki ba wajen siyasa ba ne, har yau ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ni dai ku faɗa min tsakani da Allah, na yi laifi?

Sabongari_Boy:
Ba ka yi laifin komai ba ɗan'uwa. Lokacin da suke neman ƙuri'a akwai wanda ya ce musu wannan lokacin hutunmu ne? Har wajen zaman makoki suke bin mu, har suna, har majalisar mai shayi da ƙarfe sha ɗaya na dare. In ya halatta su zo neman ƙuri'a a ɗaurin aure toh ya halatta a tambaye su alkawari a ɗaurin aure. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda kuɗin mashin daga PZ zuwa Samaru ya koma, mutum ya kashe kuɗin abincin gidansa ya je ofis a ce ba ya nan, sannan a ce kar ya yi magana in ya gan shi ido da ido? Haba.

Malam_Kofar_Gayan:
Wa alaikumus salam. Ɗana, na ji zafin da ke cikin maganarka, wanda ruwa bai taɓa shiga ɗakin mahaifiyarsa ba ba zai gane ba. Haƙƙinka ne ka tambaya, shi kuma amana ya ɗauka, kuma faɗin gaskiya gaban mai mulki abu ne da addini ya yaba. Amma kawunka ma yana da tasa gaskiyar, don taron ba naka ba ne kuma ba na ɗan siyasar ba ne, na ango ne da iyayensa, su suka gayyato baƙonsu, in aka yi hayaniya su za a riƙa nunawa. Duba Suratul Hujurat, an zargi masu kwala wa Annabi (SAW) kira daga bayan ɗakuna, aka ce da sun yi haƙuri ya fito da ya fi musu alheri. Na san ba za a haɗa ɗan siyasa da Annabi ba, ladabin nake nufi, mutum yana da lokacin iyalinsa. Kuma Annabi Musa da Haruna da aka aike su wajen Fir'auna cewa aka yi su faɗa masa magana mai laushi. Da ni ne, zan kama hannunsa in gaishe shi, in ƙi sakin hannun, in ce ranka ya daɗe ga takardarmu, wace rana za mu zo, a gaban dattawan nan. Mutanen nan kunyar dattawa ta fi ihu yi musu ciwo. Ka je ka ba kawunka haƙuri don girmansa, maganar kwalbati kuma kar ka bari.

Maman_Ilham:
Ni inda nake raba abin shi ne iyali. Na taɓa gani da idona a asibiti, muna layin ganin likita, matar wani mai muƙami ta kawo yarinyarta da zazzaɓi, wasu samari suka gane ta suka fara jefa mata baƙar magana wai kuɗin jama'a, yarinyar ba ta fi shekara shida ba ta ƙanƙame zanin uwarta tana kuka. Wallahi raina ya ɓaci. Matar ba ta tsaya zaɓe ba, yarinyar ba ta yi wa kowa alkawari ba. Shi mai kujerar a tare shi a masallaci ko kasuwa ko filin Idi, ni ban ga aibu ba in dai babu zagi babu taɓa jiki. Amma gidansa da dare, asibiti, maƙabarta ranar da ya binne nasa, a bar shi. Kai kuma shi ka tara, ba matarsa ba, kuma tambaya ka yi.

Abu_Kongo:
Bari in ƙara wani abu ta ɓangaren doka. Mutane suna cewa ai akwai hanya, a bi hanya. Toh hanyar ita ce kiranye, sashe na 69 na kundin tsarin mulkin 1999 ga 'yan majalisar tarayya, sashe na 110 ga na jiha, kuma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada kan Sanata Dino Melaye a Kogi, a 2018 abin ya mutu a wajen tantance sa hannu. Talaka da ke fama da kwalbati ina zai tara rabin mazaɓa? Shi ya sa mutane ke tare su a hanya. Amma akwai iyaka, ku tuna abin da aka yi wa Sanata Ike Ekweremadu a Jamus a 2019, a wajen bikin sabuwar doya, aka ci kwalarsa aka yaga masa riga. Wannan ya wuce tambaya, duka ne, kuma a nan gida in ka yi haka kai za ka kwana a sel, maganar da ta kawo ka kuma ta bi ruwa, don washegari labarin rigar za a yi ta yi. Shawarata ku rubuta takardar da sunan unguwa, mai unguwa da liman su sa hannu, ku yi kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa a ɗaya, ku ɗauki hoton layin ranar da aka yi ruwa ku sa a Facebook da kwanan wata.

Dan_Tudun_Jukun:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam na ji, yau bayan Isha zan je wajen Kawu, zan kuma je in ba baban ango haƙuri don shi ne bai ji ba bai gani ba. Amma a raina ban yarda tambayar ce laifi ba, ɗaga muryar ce kawai. Abu_Kongo takardun baya duk ba mu karɓi hatimi ba, wannan karon za mu karɓa. Na yi magana da liman da asuba ya ce zai sa hannu, mai unguwa ne ban samu ba ya je ta'aziyya Giwa, sai jibi. Hotunan bara suna wayar ƙanena.