Shawarwari ga Mai Son Karanta Kokoro

Waɗanda suka tattauna littafin Kokoro, wanda marubucin Japan Natsume Soseki ya wallafa a 1914, sun yi ittifaƙi cewa kada a fassara sunan da zuciya kawai, domin a Japananci kalmar ta ƙunshi zuciya da tunani da niyya gaba ɗaya. Sun kuma ce a yi haƙuri da kashi na farko, inda wani ɗalibi yake mamakin kabarin da Sensei (wato malam, sunan da yake kiran wani mutum da yake girmamawa) ke ziyarta kowane wata a maƙabartar Zoshigaya da ke Tokyo, saboda amsar tana cikin doguwar wasiƙar kashi na uku. Wasu sun nemi a fara sanin rasuwar Sarki Meiji na Japan a 1912 da yadda Janar Nogi ya kashe kansa bayan rasuwar sarkin, domin littafin ya taɓo waɗannan al'amura, kuma a ganina sun yi gaskiya.