Neman kalmar Hausa: abin nan da ke tare ka a tsakiyar labari har sai ka biya

Salamu alaikum masu fassara da 'yan jarida da duk mai sha'awar harshen nan. Akwai kalmar da ke yawan faɗo mana a labaran kafofin watsa labarai, kuma har yau kowa da yadda yake juya ta, wato paywall. Kun san abin. Ka buɗe labari a shafin wata jarida, ka karanta kanun, ka gama sakin layi na farko, na biyu ya fara daɗi, sai rubutun ya dusashe, wani akwati ya taso ya rufe sauran, wai sai ka biya. Shi nake so mu raɗa wa suna, mu huta da dogon bayani a kowane labari.

Amma kafin a fara jefo kalmomi, mu san halin abin tukuna, don suna ba ya zama a kan abin da ba a san ɗabi'arsa ba.

Da can jarida ba ta dogara da kuɗin mai saye ba sosai, talla ce ke riƙe da ita. A Amurka, kuɗin tallar da jaridu suka samu a 2005 ya kai wajen dala biliyan 49. Zuwa 2022 ya faɗo ƙasa da biliyan 10. Ƙananan tallace-tallace irin na haya da neman aiki da sayar da mota, shafuka irin su Craigslist suka fara kwashe su, sauran kuma Google da Facebook suka yi awon gaba da su. Ga shi tun farko yawancin jaridu sun zuba labaransu a intanet kyauta, da tunanin yawan masu karatu zai jawo talla. Masu karatun sun zo, kuɗin ne bai biyo su ba. To da aka ga uwar bari, sai aka waiwayo kan mai karatu.

Ba kowa ne ya bi hanya ɗaya ba, kuma nan ne kalmarmu za ta sha gwaji. Wall Street Journal tun 1996 take karɓar kuɗi a shafinta. The Times ta Landan a 2010 ta rufe nata ruf. Financial Times kuwa a 2007 ta fito da dabarar ƙidaya: ka karanta labarai kaɗan a wata kyauta, in ka zarce sai biya. Ita New York Times ta ɗauka a watan Maris na 2011 da labarai 20 a wata, a 2012 ta mai da su 10, a ƙarshen 2017 suka koma 5. Wasu irin su Bild ta Jamus, tun 2013, labaran yau da kullum a buɗe suke, zaɓaɓɓu ne kawai a kulle.

To ga shawarwarin da suka fara shigowa daga wajenku.

Wani ɗan'uwa ya ce "bangon biya", wai ai abin da Baturen ya faɗa ke nan. Haka ne ƙanina, amma ba dole sai mun bi sawunsa ba. Bango na ɗaki ne, a kansa ake rataya agogo da kalanda. Ka ce wa mutum labarin yana bayan bangon biya, sai ya tsaya yana kallonka. Ko da katanga ka musanya, matsalar tana nan: katanga gini ce, ba a matsar da ita yau a dawo da ita gobe. Shi kuwa abin nan kullum cikin matsar da shi ake. Dubi 20, 10, 5 ɗin can. Dubi The Sun ta Ingila, ta kafa nata a 2013, da ta ga masu karatu sun watse ta cire shi a 2015. New York Times ɗin ma kafin na 2011 ta taɓa kulle rubuce-rubucen marubutanta na sharhi a 2005, bayan shekara biyu ta buɗe. Wace katanga ce ake yi wa haka?

Wata Hajiya ta kawo "kuɗin shiga". A kunne ya fi kowanne daɗi, kuma kusan da shi zan tafi. Sai dai Hajiya, ɗan jarida ba zai iya aiki da shi ba, domin a labaran tattalin arziki kuɗin shiga ya riga ya samu gurbinsa: abin da kamfani ko gwamnati ke samu. Gwada wannan jimlar: jaridar ta sa kuɗin shiga don ta ƙara kuɗin shiga. Kin gani ko? Kuma kuɗin shiga sunan abin da ake biya ne, mu kuwa sunan abin da ke tarewa muke nema.

"Takunkumi" ma ya zo. A'a. Wannan ya tafi wajen hukunci tsakanin ƙasashe da kuma na rufe baki da hanci, a bar shi can.

"Labule" ya ba ni sha'awa, don da gaske rubutun yana nan a baya, rufe shi kawai aka yi. Amma labule da hannu ake yaye shi, ba a biyan ko sisi.

Ni dai nawa shi ne shinge.

Dalilina na farko, shinge ana hango abin da ke bayansa. Jarida ba ta son ɓoye labarin gaba ɗaya, so take ka ga kanu da hoto da layi biyu, ranka ya biya, hannunka ya tafi aljihu. Ko waɗanda suka rufe ruf suna barin kanun labarai a waje, don in Google bai gan su ba, babu mai zuwa.

Na biyu, kuma shi ya fi ƙarfi a wurina: kalma ba ta rayuwa ita kaɗai, sai da aikatau ɗin da ke tafiya da ita. Shinge ya zo da nasa a shirye. Ana kafa shinge, ana matsar da shi, ana sassauta shi, ana cire shi, ana tsallake shi. Ku gwada da labarai na gaske. A 2020, lokacin annobar korona, jaridu da dama sun cire shinge daga labaran da suka shafi cutar don kowa ya karanta. Ta zauna daram. Har zuwa 2017 Google yana da ƙa'idar da ke sa jaridu masu shinge su bar wanda ya shigo ta bincikensa ya karanta kyauta, mutane kuwa suka mai da ita hanyar tsallake shinge. Ita ma ta zauna. Wanda ke share tarihin burauzarsa, wato manhajar da yake buɗe shafuka da ita, don ƙidayar ta koma farko, me yake yi in ba neman kafa a jikin shinge ba? Yanzu sa "bango" a waɗannan jimlolin ka ji yadda suke tuntuɓe.

Na uku, ba baƙuwa ba ce a labarai. Kullum muna jin shingen bincike a kan hanya, inda ake tsai da kai har sai ka cika sharaɗi sannan ka wuce. Kunnen mai karatu ya riga ya san shinge ba na kara da ƙaya kaɗai ba ne.

Wani malaminmu ya yi gyara, ya ce in dai shinge ne to "shingen kuɗi" ya fi "shingen biya" sauƙin faɗa. Allah ya gafarta Malam, sauƙin kam akwai, amma ina tsoron a ɗauka shingen da aka yi wa kuɗi ne, kamar a ce babban banki ya taƙaita fitar da su. Shi ma "shingen biya" da nasa aibin, don a rubuce ba a nuna karin sauti, kuma akwai wata "biya" da ake sha a kwalba. Kada a wayi gari a ce jarida ta buɗe mashaya. Saboda haka in za a ambata karon farko a labari, a cika shi: shingen biyan kuɗi. Daga nan sai a ci gaba da "shingen" kawai, mai karatu ya riga ya gane.

Ire-irensa ba za su ba mu wahala ba. Irin na The Times, rufaffen shinge. Irin na Financial Times a 2007, shinge mai ƙidaya. Wani ya ce a kira shi "ɗanɗani haukaci", na yi dariya, kuma wallahi ya kama ma'anar, sai dai a sharhi zai yi kyau, ba a labari ba. Wanda ke neman adireshin imel ɗinka kawai ba kuɗi ba, shingen rajista. Irin na Bild ne ban gamsu da ko ɗaya ba tukuna. "Shingen zaɓaɓɓun labarai" ya yi tsawo, amma a riƙe shi kafin a samu wanda ya fi shi.

Akwai wadda ta tambaya, to jaridar The Guardian ta Birtaniya fa, da ke sa roƙo a ƙarƙashin kowane labari? Yaya, wannan ba shinge ba ne ko kaɗan, don ko ba ka ba da komai ba, za ka karanta har ƙarshe. Neman gudummawa ne, kuma kalmar tana nan tun da can. Kada mu cusa komai cikin kalma ɗaya don mun samu sabuwa.

Wani kuma ya shigo da zafi, ya ce shinge kalma ce mai laushi, abin nan zalunci ne, ana hana talaka sanin abin da duniya ke ciki alhali ƙarya da jita-jita kyauta suke yawo. Rabin maganarka na yarda da ita, ɗan'uwa. Rahoton Cibiyar Reuters na 2024 ya nuna masu biyan kuɗin labarai a intanet kashi 40 ne cikin 100 a Norway, kashi 22 a Amurka, a Birtaniya kashi 8 kacal. Ke nan mafi yawan mutane a waje suke tsaye. Kuma ribar tsarin manya ne ke kwashe ta: New York Times ta haura rajista miliyan 10 a 2022, shekarar da ta sayi wasan Wordle da shafin wasanni na The Athletic, don ta gane ba labarai kaɗai ke riƙe mai biya ba. Ƙaramar jarida ba ta da wannan ƙarfin. Amma wakilin da ya kwashe wata uku yana bin diddigin badaƙala ɗaya, albashinsa daga wani wuri zai fito. Ka rubuta sharhinka ka ragargaji tsarin yadda kake so. Sunan dai ya zama wanda mai so da mai ƙi duk za su iya amfani da shi ba tare da an yi musu hukunci a cikin kalmar ba.

Ga yadda zai fito a kanun labari, a gwada a baki a ji:

Jaridar ta kafa shingen biyan kuɗi a shafinta

An sassauta shinge saboda zaɓe

Masu karatu sun ragu bayan kafa rufaffen shinge

Malam ya dawo ya ce ya amince, da sharaɗin jam'in ya zama shingaye, kada wani ya je ya rubuta "shingogi". An karɓa, Malam. Saura sunan shi mutumin da ke biya duk wata, don "mai rajista" ya haɗa har da wanda bai ba da ko kwabo ba. Wanda ke da shawara a kan wannan ya ajiye ta a ƙasa.